Karatun Matantaka da Koyo ta Hanyar Hidima: Darasi Daga Amurka Ga Sassan Nazarin Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tsarin koyarwar da ke haɗa darasin jami'a da hidimar al'umma, musamman inda ɗalibai ke fita da littattafan da suka shafi rayuwar mata zuwa azuzuwan ilimin manya. An bi tarihin tsarin a Amurka, inda ya yi ƙarfi, sannan an auna misalai uku daga Boston da Tsibirin Johns da Pittsburgh. Abin da takardar ta gano shi ne, aikin yana cin nasara ne idan matan da aka je wurinsu suna da iko a kan abu uku: abin da za a karanta, yadda za a fassara shi, da rubutun da za a kai gaban hukuma. A ƙarshe an kawo shawarar yadda sassan nazarin Hausa za su gina irin wannan kwas a kan tsarin 'Yan Taru da ƙagaggun labaran marubuta mata.

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in Amurka da yawa akwai kwasa-kwasan da ba a kammala su a cikin aji kaɗai. Ɗaliba za ta karanta littattafan da aka ɗora mata, sannan kowane mako ta je wata cibiya a cikin gari ta koyar da karatu ko ta taya mutane rubutu. Idan ta dawo sai ta rubuta abin da ta gani, a tattauna shi a aji, a ba ta maki. Wannan shi ne koyo ta hanyar hidima. Ya bambanta da aikin sa-kai domin yana cikin manhaja, ya kuma bambanta da gwajin koyarwa na ɗaliban tsangayar ilimi domin ana so amfanin al'umma ya yi daidai da na ɗalibi.

Sassan nazarin mata da na adabi suna cikin waɗanda suka rungumi tsarin. Dalilinsu a fili yake: ra'in matantaka tun asalinsa yana da'awar cewa ilimi ya kamata ya sauya rayuwa. Sai dai akwai tambayar da takardar nan ta sa a gaba. Ɗalibar da ke ɗauke da littafi da ra'i da katin jami'a, idan ta zauna gaban uwa mai 'ya'ya shida da ba ta gama firamare ba, wace ce a cikinsu ke da ikon cewa ga abin da labarin yake nufi? Amsar wannan tambaya ita ke raba aikin da ya ƙarfafa mata da wanda ya ƙara musu wani mai yi musu wa'azi.

2.0 Asalin Tsarin

Ana yawan danganta tsarin da John Dewey, wanda a littattafansa na 1916 da 1938 ya nace cewa ilimi yana ginuwa ne a kan abin da mutum ya aikata ya kuma yi tunani a kansa. Amma kafin Dewey ya rubuta waɗannan, mata biyu, Jane Addams da Ellen Gates Starr, sun buɗe gidan Hull House a Shikago a 1889, a unguwar baƙi 'yan ci-rani matalauta. Masu ilimi suka tare a gidan suna zama da maƙwabtansu, kuma cikin ayyukan farko da aka yi akwai zaman karanta ƙagaggen labarin George Eliot mai suna Romola. Dewey kansa ya riƙa zuwa gidan, har ya shiga kwamitin amintattunsa. Ke nan haɗa karatun adabi da hidimar unguwa aikin mata ne tun daga tushe.

Sunan tsarin ya fito ne a 1967 daga Robert Sigmon da William Ramsey. A 1979 Sigmon ya gindaya sharuɗɗa uku: waɗanda ake yi wa hidima su ne za su riƙe akalarta, hidimar ta bar su da ƙarfin yi wa kansu da wasu, masu hidimar kuma su san cewa su ma ɗalibai ne. A 1985 shugabannin jami'o'in Brown da Georgetown da Stanford suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Campus Compact don yaɗa aikin, sannan dokokin tarayya na 1990 da 1993 suka samar masa da kuɗi. Da kuɗi suka shigo sai kwasa-kwasai suka yawaita, sharaɗin Sigmon na farko kuwa shi ne aka fi saurin mantawa.

3.0 Abin da Karatun Matantaka Ya Kawo

An buɗe shirin nazarin mata na farko a Amurka a kwalejin jiha ta San Diego a 1970. Daga cikin abin da fannin ya haifar akwai hanyoyin karatu biyu da suka shafi batunmu, kuma suna ja da juna.

Ta farko ita ce ta Judith Fetterley a littafinta The Resisting Reader na 1978. Ta nuna cewa fitattun littattafan Amurka suna horar da mace ta yi karatu da idon namiji, har ta riƙa goyon bayan abin da ke ƙasƙantar da ita. Maganinta shi ne mai karatu ta koyi turjiya, ta tambayi wa ke ba da labari, wa aka hana magana, wa ya ci riba. Wannan makami ne mai kaifi, amma yana ɗauke da zaton cewa mai karatu tana cikin ruɗu har sai an farkar da ita.

Ta biyu ita ce ta Janice Radway a Reading the Romance na 1984. Radway ta yi nazarin mata 42 masu son littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka, ta tambaye su dalilin karatunsu. Ta tarar suna da ma'aunin kansu na bambance labari mai kyau da maras kyau, kuma ɗaukar littafin kansa wata hanya ce ta ƙwato ɗan lokaci daga hidimar miji da yara. Darasin shi ne, mata suna fassara tun kafin manazarci ya iso.

A ɓangaren koyarwa, Paulo Freire na Brazil ya soki ilimin da ke ɗaukar ɗalibi tamkar wurin ajiya. Gwajinsa na Angicos a 1963, inda ma'aikata kusan 300 suka koyi karatu cikin kwana 45, yana da nauyin siyasa, domin a lokacin wanda bai iya karatu ba ba ya jefa ƙuri'a a Brazil. Marubuciya bell hooks, a littafinta na 1994, ta karɓi tsarin Freire duk da ta soki yadda harshensa ya mance da mata. Chandra Mohanty kuwa tun 1984 ta yi kashedi a kan manazartan da ke haɗa matan ƙasashe masu tasowa a buhu ɗaya a matsayin waɗanda ake zalunta kuma ba su da murya. Kashedin Mohanty bai tsaya a kan Turawa ba. Ya shafi duk ɗalibar birni da za ta shiga ƙauye da tunanin ceto.

4.0 Misalai Uku Daga Fage

4.1 Boston: tausayi ba ya wadatarwa

A 1994 Bruce Herzberg ya wallafa abin da ya gani a kwalejin Bentley, inda ɗalibansa suke koyar da karatu ga marasa matsuguni a gidan Pine Street Inn na Boston. Ɗaliban sun dawo da tausayi na gaske. Amma da aka tambaye su dalilin da ya sa babban mutum bai iya karatu ba, sai su koma kan halin mutumin ko rashin sa'arsa. Tsarin makarantu da rabon arziki ba sa zuwa musu a rai da kansu. Herzberg ya kammala da cewa hidima ba ta haifar da tunanin sukar tsari sai an gina shi da gangan a cikin aji. Tania Mitchell ta faɗaɗa wannan a 2008, inda ta raba hidimar gargajiya da hidimar da ke neman sauya rabon iko. A 2009 kuma Randy Stoecker da Elizabeth Tryon suka juya tambayar, suka nemi jin ta bakin ƙungiyoyin da ke karɓar ɗalibai a Madison. Babban kukansu shi ne gajeren zama: kafin ɗalibi ya san sunayen mutane zangon karatu ya ƙare.

4.2 Tsibirin Johns: masu koyo ne suka tsara manhaja

Wannan misali ba kwas ɗin jami'a ba ne, amma shi ne ma'aunin da ya dace a gwada sauran da shi. A shekarun 1950, a jihar South Carolina, baƙar fata ba ya samun rajistar zaɓe sai ya ci jarrabawar karanta wani sashe na kundin tsarin mulkin jihar. Esau Jenkins, mai motar haya a Tsibirin Johns, ya fara koya wa fasinjojinsa wannan sashe a kan hanya. Septima Clark, malamar da aka kora daga aiki a 1956 saboda ta ƙi barin ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, ta haɗa shi da makarantar ilimin manya ta Highlander. A watan Janairu na 1957 aka buɗe aji na farko da mutum 14 a bayan wani shagon haɗin gwiwa, yadda masu wucewa ba za su san abin da ake yi ba.

Clark da abokan aikinta sun ƙi ɗauko ƙwararren malami. Suka zaɓi Bernice Robinson, mai gyaran gashi, domin mutane sun saba da ita kuma ba za ta yi musu kallon yara ba. Robinson ta tambayi ɗalibanta abin da suke so su iya. Suka ce rubuta sunansu, karanta wasiƙar 'ya'yansu, cike takardar aika kuɗi ta gidan waya, da cin jarrabawar rajista. A kan waɗannan ta gina darussa, ta kuma liƙa Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a bango. Ana zama dare biyu a mako, a lokacin da aikin gona ya lafa. A 1961 shirin ya koma hannun ƙungiyar Martin Luther King, ya bazu a kudancin ƙasar, ya kuma taimaka wajen share fagen dokar haƙƙin zaɓe ta 1965. A nan karatu da shiga harkokin jama'a abu ɗaya ne, domin ƙarshen kowane aji ofishin rajista ne.

4.3 Pittsburgh: rubutu zuwa ga masu iko

A ƙarshen shekarun 1980 Wayne Peck na wata cibiyar unguwa da Linda Flower ta jami'ar Carnegie Mellon suka kafa cibiyar rubutun al'umma a Pittsburgh. Ɗaliban jami'a suna zuwa a matsayin masu taya rubutu, matasan unguwa su ne marubuta. Sun rubuta ƙasidu a kan korar ɗalibai daga makaranta da dokar hana yawon dare, sannan aka kira taro da shugabannin makarantu da 'yan sanda suka saurara. Dabarar da aka fi koyarwa ita ce neman fassara kishiya: duk wanda ya kawo ra'ayi sai ya kawo yadda wani mai hankali zai ga abin daban. Lorraine Higgins da Lisa Brush sun yi irin wannan aiki da matan da ke karɓar tallafin gwamnati, suka bayyana shi a 2006. Sun lura cewa mace mai ba da labarinta takan faɗa ɗaya daga rami biyu, ko ta nuna kanta jaruma marar laifi ko ta nuna kanta abin tausayi. Aikin mai taya rubutu shi ne ya taimaka mata ta fito da dalilan da suka sa ta yanke shawarar da ta yanke, yadda mai tsara doka zai fahimta.

5.0 Inda Batun Ya Haɗu da Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga ilimin da mata ke kai wa mata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa alamar izini, jajin kuma ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta su koyi waƙoƙin ilimi su koma su koyar. Kuskure ne a liƙa wa Nana Asma'u sunan wata mazahabar ƙarni na 20, domin manufarta addini ce. Amma dabararta ta yi daidai da ta Tsibirin Johns a muhimmin wuri: malamar tana fitowa ne daga cikin waɗanda za a koyar.

Ta fuskar siyasa, matan Arewacin Nijeriya ba su samu jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano. A 1982 aka kafa ƙungiyar mata ta WIN a Zariya, a 1985 kuma FOMWAN a Minna, wadda ke gudanar da makarantu da azuzuwan mata har yau. Waɗannan azuzuwa, tare da makarantun Islamiyya na matan aure, su ne abokan aikin da kwas ɗin jami'a zai nema.

Littattafan karatu ma suna nan. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, da Alhaki Kuykuyo Ne a kan Rabi, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta rubuta Allura Cikin Ruwa. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi a shekarun 1990 a kan darajar adabin kasuwar Kano ta gudana ne a jaridu da mujallu, alhali matan da ke hayar littattafan nan da sauraronsu a rediyo suna da nasu hukuncin. Kwas irin wannan dama ce ta jin wannan hukunci. Ra'in da ya fi dacewa da fagen shi ne na Obioma Nnaemeka na 2004, wanda ya bayyana matantakar Afirka a matsayin ta sasanci da sanin lokacin tunkara da lokacin kewayewa.

6.0 Shawarar Tsarin Kwas

Ana ba da shawarar kwas na shekarar ƙarshe mai zango biyu, bisa matakai huɗu.

Na farko, yarjejeniya. Kafin ɗaliba ta taka ƙafa, sashe ya zauna da shugabar makaranta da wakilan ɗalibanta a rubuta abin da kowa zai bayar da abin da zai samu, da ranaku, da wanda zai mallaki rubutun da aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka matan ne za su faɗi buƙatunsu: karanta takardar asibiti, gane sammaci, lissafin adashi, ko karanta saƙon waya ba tare da an nemi yaro ba.

Na biyu, shiri a aji. Makonnin farko a karanta Fetterley da Radway da Mohanty tare da tarihin 'Yan Taru. Kowace ɗaliba ta rubuta tarihin karatunta: wa ya biya mata kuɗin makaranta, wace 'yar'uwarta ce aka cire. Wannan shi ne maganin matsalar da Herzberg ya gano. A kuma tuna musu cewa da yawa daga matan da za su tarar suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta ajami, saboda haka a kan ilimin da ke akwai za a ɗora.

Na uku, da'irar karatu. Matan su zaɓi littafi daga jerin da aka kawo ko su kawo nasu. A karanta a fili, babi ɗaya a zama. Ɗaliba ta yi tambaya ta kame bakinta. Idan aka zo inda aka kori Rabi, wata za ta ce haƙuri ya fi, wata ta ce a kai ƙara. Duka biyu a rubuta su a allo da dalilansu, kuma jimlolin da suka fito daga bakin matan su zama darasin rubutu na ranar. Daga nan tambayoyin haƙƙi za su taso da kansu: wa ke da alhakin ciyar da 'ya'ya bayan saki, wa ke da riƙonsu, mene ne sharuɗɗan hul'i. A nan sai a gayyato malama masaniyar fiƙihu ko lauya, domin ɗalibar adabi ba mai ba da fatawa ba ce.

Na huɗu, rubutu zuwa ga hukuma. A zango na biyu da'irar ta zaɓi matsala ɗaya da ke hannun wani ofishi sananne: rijiyar burtsatse da ta lalace, rashin ungozoma da dare a asibitin mazaɓa, ko rashin banɗaki a makarantar 'yan mata. Su rubuta takardar koke da Hausa da hannunsu, su kai wa kansila ko kwamitin gudanar da makaranta, su karɓi shaidar an amsa, su sa ranar bibiya. Makin ɗaliba ya dogara da ingancin tunaninta a rubuce da kuma shaidar da matan suka bayar a kanta.

7.0 Ƙalubale

Ƙalubale na farko shi ne zargi. Duk aikin da aka ji yana da alaƙa da matantaka, wasu mazaje da malamai za su ɗauka zuga mata aka zo yi. Ɓoye manufa ba mafita ba ce. Mafita ita ce a nuna wa mai unguwa da limami jerin littattafai da tsarin aiki tun farko, kuma a shiga ta hannun makarantar da jama'a suka riga suka amince da ita.

Na biyu shi ne sirri. Labarin Rabi zai sa wata ta buɗe cikinta. Abin da aka faɗa a da'ira ba zai shiga kundin digiri ko Facebook ba sai da izinin mai shi, kuma ba tare da suna ko unguwa ba.

Na uku shi ne ɗorewa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas. Da'irar da ta dogara da ɗalibai kaɗai za ta mutu a irin wannan hali. Saboda haka tun makon farko a fitar da jagora daga cikin matan, a horar da ita, a bar littattafan a hannunta.

Na huɗu shi ne ɗalibai maza. Al'ada ba za ta bar su su shiga ajin matan aure ba, amma suna iya buɗe da'irar karatun littattafan nan a azuzuwan maza, inda tattaunawa a kan halin mijin Rabi za ta yi amfani ƙwarai.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa sanya littafin mace a manhaja da tura ɗalibai unguwa bai isa ya sa aiki ya amfani mata ba. Misalin Boston ya nuna iyakar tausayi, na Tsibirin Johns ya nuna ƙarfin manhajar da masu koyo suka tsara, na Pittsburgh ya nuna yadda labarin mutum ke zama hujja a gaban hukuma. Sassan nazarin Hausa suna da abin da ake buƙata: littattafai cikin harshen jama'a, makarantun mata a kusan kowace unguwa, da tarihin 'Yan Taru. Ana ba da shawarar sashe ɗaya ya fara gwaji da makaranta ɗaya na shekara biyu, a auna shi da tambayoyi uku: mata nawa suka iya rubuta abin da suka ce suna so su rubuta, takardun koke nawa aka amsa, kuma da'irori nawa suka ci gaba da zama bayan ɗalibai sun kammala karatu.